Yadda zaka fara sauraron kiɗan Béla Bartók ba tare da ka kashe shi tun minti na farko ba

Yawancin waɗanda suke cewa sun gwada Bartók, mai tsara kiɗa ɗan Hangari, bai shige su ba, in ka bi diddigi zaka ga ta baibai suka fara. Mutum ya buɗe YouTube ya rubuta sunan, abinda ya fara fito masa ya danna, sai ya faɗa kan kiɗan goge huɗu da ya rubuta a 1928, mai kaushi da tsinken tsirkiya, ko minti biyu bai yi ba ya kashe ya ce ai wannan hayaniya ce kawai. Kuma ba laifinsa bane. Kiɗan mutumin nan a bakin manoma da makiyaya ya samo asali, in baka fara jin su ba to ba zaka gane abinda yake yi a manyan ayyukansa ba, balle waɗanda ya rubuta yana gudun hijira a Amurka ga ciwo ga kewar gida. Don haka daga ƙauye zamu fara.

Ka ɗan san waye shi tukuna. An haife shi ranar 25 ga Maris 1881 a wani gari da ake kira Nagyszentmiklós, lokacin yana cikin Hangari, yanzu kuwa yana Romaniya, ka riƙe wannan don zai yi amfani a gaba. Babansa ya rasu yana ɗan shekara 7, mahaifiyarsa ce ta fara koya masa fiyano kuma ita ta yi ta fama da su daga wannan gari zuwa wancan tana koyarwa. Ya yi karatun kiɗa a Budapest daga 1899 zuwa 1903, kuma abinda yake rubutawa a lokacin duk salon Jamusawa ne, in ya so ya sa ɗanɗanon gida sai ya ɗauko irin kiɗan da ake yi a gidajen shan shayi da wuraren biki na birni, wanda kowa har da shi ya ɗauka shine kiɗan gargajiyar Hangari. Sai a 1904 ya ji wata budurwa mai reno 'yar yankin Transilbaniya, Lidi Dósa, tana rera waƙar ƙauyensu, abin bai yi kama da komai da ya sani ba. Ashe akwai wani kiɗan can ƙasa wanda mutanen birni basu ma san da shi ba. Shi da abokinsa Zoltán Kodály suka shiga yawon ƙauyuka, a 1906 suka fitar da waƙoƙi 20 tare.

Abu na farko da zaka yi kenan, ka nemi hoton nan nasa da ya shahara, yana tsaye da kwat gefen garmaho irin na Edison mai babban ƙaho, mata da maza na ƙauye sun kewaye shi ana rera waƙa a bakin ƙahon. A kan 'yar silinda ta kaki ake ɗaukar muryar, kowace ɗaya kamar minti biyu take ci, haka zai ɗauko su a akwati ya dawo gida ya zauna yana maimaitawa yana rage gudun na'urar don kada ko lanƙwasar murya ɗaya ta wuce shi bai rubuta ba. Waƙoƙi kusan 10,000 ya tara a rayuwarsa, na Hangari da Romaniya da Sulobakiya da sauransu. Kuma aikin ba sauƙi, akwai wasiƙar da ya rubuta a 1907 yana ba da labarin yadda ya yi ta lallaɓa wata mata a ƙauye ta yi masa tsohuwar waƙa, ita kuwa sai ta kawo ta coci, ya ce ba ita ba, ta kawo ta birni, ya ce ba ita ba, don a ganinta wane mai hankali ne zai taso daga Budapest saboda waƙar tsofaffi.

Da yawa daga cikin abinda ya ɗauka suna intanet yanzu, da ƙarar shhh ɗin kakin da komai. Ka saurare su ko na minti goma ne, kar ka damu da rashin jin yaren. Abu biyu nake so kunnenka ya kama. Akwai waƙoƙin da basu da bugu tsayayye, mai waƙar yana ja yana tsayawa yadda magana take tafiya, yawanci daga sama muryar take farawa ta gangaro ƙasa. Akwai kuma na rawa, masu bugu daram wanda ƙafa zata iya bi. Kusan duk kiɗan Bartók tsakanin waɗannan biyun yake kai kawo. Sannan ka lura da wani ɗan bugu, gajere da ƙarfi sai dogo ya biyo, ta-taaa, wannan daga yaren Hangari ya fito don su a gaɓar farko ta kalma suke sa nauyi, zaka yi ta jinsa har a ayyukansa na ƙarshe.

In ka gama wannan sai ka shiga Romanian Folk Dances na 1915. Guda shida ne 'yan gajeru, duka duka wajen minti biyar, asali na fiyano ne amma akwai na goge da fiyano wanda Zoltán Székely ya tsara, ni dai shi nafi so mutum ya fara da shi. Akwai waɗanda suka haɗa bidiyo suka jera asalin ɗaukar ƙauyen da abinda Bartók ya mayar da shi, in ka samu irin wannan to ka dace. Ka tsaya sosai a na uku, wanda ake kira Pe loc, ainihinsa sarewa ce ta ƙauye, sai kaji muryar can sama siririya tana zagaye wuri ɗaya, a ƙasa kuma sauti ɗaya ya kafe baya motsi. Bai taɓa waƙar ba, bai gyara ta don ta dace da kunnen mutanen birni ba, abinda ke ƙarƙashinta kawai ya ƙara. Wannan girmamawar da ya yi wa manomin da ya busa ta, wallahi ita ce ta fara sa na ƙaunaci mutumin nan.

Shi da kansa a wani rubutu da ya yi a 1931 ya ce hanya uku ce mai tsara kiɗa zai bi da waƙar ƙauye. Ko ya ɗauko ta yadda take ya yi mata rakiya, wannan ka ji shi yanzu. Ko ya ƙirƙiri tasa amma a kan salonsu. Ko kuma abin ya shige shi har ya zame masa harshen uwa, ba sai ya ari waƙar kowa ba amma duk abinda ya rubuta da ƙamshin ƙauyen yake fitowa. Da wannan ma'aunin zaka bi sauran.

Don jin hanya ta biyun ka nemi Evening in Transylvania, ɗan ƙaramin kiɗan fiyano na 1908, akwai ma ɗaukar da shi da hannunsa ya kaɗa. Waƙar tasa ce ba ta kowa ba, amma in ba a faɗa maka ba zaka rantse daga bakin wata tsohuwa ya ɗauko ta, kuma a ciki zaka ji salon nan biyu suna karɓa-karɓa, mai jan magana sai na rawa sai mai jan magana ya dawo. Sauti biyar kacal ta ginu a kai, in kana da fiyano ko manhajar fiyano a waya ka bi baƙaƙen maɓallan kaɗai, irin wannan tsarin ne, shi ya tarar a tsofaffin waƙoƙin Transilbaniya a 1907.

Daga nan ka koyi tafi. Da gaske nake. A ƙarshen Mikrokosmos, jerin darussan fiyano 153 da ya rubuta wasunsu saboda ɗansa Péter ya kammala a 1939, akwai raye-raye shida a bugun Bulgeriya, lamba 148 zuwa 153. Bugun ba daidai yake rabuwa ba, misali lamba 149 ana ƙirga shi ɗaya biyu, ɗaya biyu, ɗaya biyu uku, da sauri, ka tafa duk sanda ka ce "ɗaya". Farko zaka yi ta ɓata, zaka ji kamar ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, amma da zarar jikinka ya karɓa shikenan, abinda da kake ji kamar rikici sai ya zama rawa. Lamba 153 kuma uku uku biyu ne. Kar ka tsallake wannan matakin don ganin wasan yara ne, rabin wahalar da mutane ke sha da Bartók a bugu take.

Wani abu da ba kowa ya sani ba, bai tsaya a Turai ba. A 1913 ya je yankin Biskra a Aljeriya ya ɗauki kiɗan Larabawan ƙauye, a 1932 ya halarci babban taron kiɗan Larabawa a Alƙahira, a 1936 kuma ya je Turkiyya shi da mai tsara kiɗa ɗan ƙasar, Ahmed Adnan Saygun, suka shiga kudu wajen Adana, inda wani dattijo a Osmaniye ya rera masa waƙar da ta yi kama da tsohuwar waƙar Hangari har abin ya ba shi mamaki. In kana so kaji tasirin Biskra, ka saurari kashi na biyu na String Quartet No. 2, wato kiɗan goge huɗu na biyu da ya rubuta, sauti ɗaya ana ta dukansa kamar ganga waƙar kuma tana yawo a ɗan ƙunƙuntaccen wuri. Sannan Dance Suite na 1923, wanda aka sa shi ya rubuta don cika shekara 50 da haɗe Buda da Pest da Óbuda su zama birni ɗaya, wato Budapest. Bikin kishin ƙasa ne fa, amma mutumin nan ya zuba salon Hangari da na Romaniya da na Larabawa a ciki gaba ɗaya. Ka tuna a 1920 yarjejeniyar Trianon ta yanke wa Hangari kusan kashi biyu cikin uku na ƙasarta, garin haihuwarsa ma ya koma Romaniya, yawancin ƙauyukan da yake zuwa suka zama ƙasar waje, ga masu zafin kishin ƙasa suna zaginsa wai ya cika son waƙoƙin Romaniya. A irin wannan yanayin ya rubuta shi, ni a wajena wannan jarumta ce.

Kafin ka bi shi Amurka akwai aiki ɗaya da nake roƙonka kar ka wuce, Cantata Profana na 1930. Ka karanta labarin kafin ka danna. Daga tsofaffin waƙoƙin Romaniya ya ɗauko shi, wani dattijo ne mai 'ya'ya maza tara, bai koya musu noma ko wata sana'a ba sai farauta, rannan suka bi sawun wata babbar barewa cikin daji har suka ɓata suka rikiɗe suka zama bareyi masu manyan ƙahoni. Uban ya nemo su ya ce su dawo gida uwarsu na jira an shirya abinci, suka ce ba zasu iya ba, ƙahoninsu ba zasu shiga ƙofa ba, bakinsu kuma ya daina sha a kofi sai a idon ruwa. Shekara goma kafin ya bar gida ya rubuta wannan. Wajen minti ashirin ne, ka nemi wanda aka sa fassara a ƙasa.

Yanzu maganar hijirar. Tun da Hitler ya hau mulki a 1933 Bartók bai ƙara yin wasa a Jamus ba. A 1938 da Jamus ta haɗiye Ostiriya, kamfanin da ke buga masa ayyukansa a Biyana, Universal Edition, ya faɗa hannun 'yan Nazi, sai ya koma Boosey & Hawkes na Landan ya kuma fara fitar da rubuce-rubucensa waje. Abinda ya riƙe shi mahaifiyarsa ce, ta tsufa ba zai tafi ya bar ta ba, ta rasu a Disamba 1939. A daidai wannan shekarar ya rubuta String Quartet No. 6, ka saurare shi a nan, kowane kashi da waƙar baƙin ciki guda yake buɗewa, a na farko goge ɗaya ne ke yinta, tana ta ƙara faɗi har a kashi na huɗu ta cinye komai. A Oktoba 1940 shi da matarsa Ditta Pásztory suka yi wasan bankwana a Budapest suka bi ta Suwizalan da Faransa da Sifen zuwa Lisbon suka hau jirgin ruwa sai Niyok. A wasiyyarsa ya rubuta kada a sa wa wani titi sunansa a ƙasar muddin akwai filayen da ke ɗauke da sunan Hitler da Mussolini a Budapest. Ba korarsa aka yi ba, shi ya ga ba zai iya zama ba.

Akwai masu ba da labarin kamar yunwa ce ta kashe shi a Amurka, abin bai kai haka ba amma dai an sha wuya. Jami'ar Columbia ta ba shi digirin girmamawa da aikin bincike na dala 3,000 a shekara, yana rubuta waƙoƙin Sabiya da Kuroshiya daga faya-fayan da wani masani Ba'amurke, Milman Parry, ya ɗauko, aikin da yake so ne amma na ɗan lokaci. Wasannin fiyano da suke yi shi da Ditta basu samu karɓuwa sosai ba, hayaniyar Niyok ta dame shi, babban ɗansa na can Hangari cikin yaƙi, kusan shekara uku bai rubuta sabon kiɗa na kirki ba. Ga zazzaɓi da ya ƙi tafiya, a farkon 1943 yana cikin jerin laccoci a Harvard jiki ya ƙi aka kwantar da shi, ya rame har ya koma wajen kilo 40, daga baya aka gano sankarar jini ce. Ƙungiyar mawaƙa ta ASCAP ta ɗauki nauyin jinyarsa. Mutum ne da baya karɓar sadaka ko kusa, don haka 'yan ƙasarsu biyu, mai goge Joseph Szigeti da jagoran makaɗa Fritz Reiner, suka bi ta bayan fage suka yi wa Serge Koussevitzky, jagoran makaɗan birnin Boston, magana, ya same shi har asibiti ya ba shi aikin sabon kiɗa kan dala 1,000.

Abinda ya fito shine Concerto for Orchestra, ya rubuta shi tsakanin Agusta da Oktoba 1943 a Saranac Lake inda yake jinya, aka fara kaɗa shi a Boston ranar 1 ga Disamba 1944. Nan ne duk abinda ka koya zai yi maka rana. Kashi biyar ne, wajen minti 40, ka samu lokacin da ba mai kiranka, ka sa iyafis, kuma in da hali ka kalli bidiyo don ka ga wa ke busa me. Amma kar ka fara daga farko. Ka fara da kashi na biyu, ƙaramar ganga ce zata buɗe sai kayan busa su riƙa shigowa bibbiyu bibbiyu, kowane biyu da tazarar da ke tsakanin muryoyinsu, wasu daɗi wasu da ɗan tsami, na ƙarshe ƙahoni biyu da aka toshe musu baki suna gogar juna, raha ce zalla. Sai ka tsallaka na huɗu. Akwai wata waƙa mai taushi da manyan goge ke ɗaukowa, masana da yawa sun ce daga wata sananniyar waƙar yabon ƙasar Hangari ya aro ta, tana cikin tafiya sai wani kiɗa na rashin kunya ya faɗo ya katse ta, ƙahoni suna zamewa kamar ana shewa, can ya wuce, waƙar ta dawo a hankali da murya ƙasa ƙasa. In ka san mutumin da ya rubuta wannan yana kwance nesa da gida ƙasarsa kuma na cikin yaƙi, ba sai an fassara maka ba. Bayan waɗannan biyun sai ka koma ka ji shi duka daga farko, ka nemi ɗan bugun nan na ta-taaa a kashi na uku wanda shi da kansa ya kira waƙar makoki, ka kuma ji yadda na biyar ya ɓarke da rawar ƙauye. Ba waƙar wani manomi ko ɗaya da ya ɗauko ya dasa a ciki, amma ƙauyen na ko'ina, hanya ta ukun nan kenan da ya faɗa.

Daga nan jikin ya ɗan yi sauƙi aiki ya dawo. A 1944 yana Asheville a jihar Karolina ta Arewa ya rubuta wa mai goge Yehudi Menuhin sonata, wato dogon kiɗa na goge shi kaɗai, wannan tana da nauyi ka ajiye ta sai ka saba. Wanda zaka ji yanzu shine Piano Concerto No. 3 na 1945, don Ditta ya rubuta shi kyautar ranar haihuwarta, kuma mutane da yawa na ganin so yake ya bar mata abinda zata riƙa kaɗawa ta samu na kashewa bayan ransa. Shi yafi duk manyan ayyukansa laushi. A tsakiyar kashi na biyu zaka ji kukan tsuntsaye, waɗanda ya ji a Asheville ne ya rubuta a takarda, wato mutumin da aka raba da ƙauyukansa bai daina tattara waƙa ba. Saura 'yan layuka 17 na ƙarshe bai gama raba wa makaɗa ba aka kai shi asibiti, ya rasu ranar 26 ga Satumba 1945 yana da shekara 64, abokinsa Tibor Serly ya ƙarasa. A jihar Niyok aka binne shi, sai a 1988 'ya'yansa suka mayar da shi Budapest.

Viola Concerto ɗin da zaka gani da sunansa, wato kiɗan wani goge mai ɗan girma tare da makaɗa, ka sani a warwatse ya bar shi cikin takardu Serly ne ya harhaɗa, ka ji shi amma kar ka auna Bartók da shi. In kana son jin hannunsa kuwa, akwai ɗaukar wasan da suka yi da Szigeti a ɗakin karatu na majalisar Amurka a Washinton a Afrilu 1940, a wata ziyara da ya kai kafin hijirar, da Contrasts da suka ɗauka su uku da mai busa Benny Goodman a shekarar. Zaka ji baya dukan fiyano yadda wasu masu kaɗa ayyukansa suke yi yanzu, yana ja yana saki kamar mai magana, don haka in ka ci karo da ɗaukar da aka mayar da kiɗansa dukan ƙarfe tun daga farko har ƙarshe, ka canza wata.

Sai a yanzu zaka koma kan masu kaushin. Ka fara da Music for Strings, Percussion and Celesta na 1936, musamman kashi na uku, irin abinda ake kira kiɗan darensa, ƙananan sautuka nan da can kamar na ƙwari da kwaɗi, kar ka nemi waƙar da zaka bi a ciki ka bar kunnenka ya yi yawo kawai. Bayansa String Quartet No. 4 ɗin nan na 1928 da ya kori mutane da yawa, shima kar ka haɗiye shi gaba ɗaya, ka fara da kashi na uku inda babban goge ke rera doguwar waƙa mai jan magana sauran ukun sun riƙe sauti a bayansa, sai na huɗu wanda duk da yatsa ake tsinkar tsirkiya har wani lokacin a ja ta ta daki katakon ta yi ƙara tas, sannan na biyar, ka tafa masa yadda ka koya a na Bulgeriya. The Miraculous Mandarin kuwa ka bar shi can ƙarshe, kiɗan birni ne da hayaniyar titi da labarin 'yan fashi, shine wanda magajin garin Kolon na lokacin, Konrad Adenauer, ya hana a ƙara nunawa bayan daren farko a 1926, kuma gara ka karanta labarin wasan kafin ka saurara don kowane juyi na kiɗan da abinda ke faruwa a dandali yake tafiya.